Baƙin Fenti a Kan Tulun Iska

Ba zan taɓa mantawa ba, Asabar ce, ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na rana, a ƙofar gidana da ke Maamobi. Shaidu uku ne: Maman Adiza mai sayar da wakye, wato shinkafa da wake, a tsallaken titi, Malam Yakubu ladanin masallacinmu, da Alhaji Issaka, makanike a Alajo, wanda saboda shi kaɗai na shirya taron, ko da yake da an tambaye ni a lokacin da na musanta. Na san mintin ne domin a kansa agogona ya tsaya, bayan ya sha ruwan kwata.

Ya kamata mai karatu ya san irin mutumin da ke magana. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne, jikan mutanen Kano, amma makarantar mishan ya kai ni, inda aka koya mana cewa layin da ya karkace laifi ne, kuma wanda ya makara da minti ɗaya ya makara. Addinina na riƙe, amma wancan horon ya shiga jinina. Daga baya na koyar da gyaran inji a makarantar koyon sana'a har na yi ritaya, shi ya sa kowa a unguwa Masta yake kirana. Ba na jin akwai mutumin da ya taɓa zama da ni minti goma ban gyara masa wani abu ba.

Matata Rabi ce take bin bayana tana ɗinke abin da na yaga. In na ɓata wa mutum rai da safe, da yamma kwanon tuwo ya isa gidansa. Ban san haka ake yi ba sai da Allah ya yi mata rasuwa, shekara uku ke nan, kwanuka suka daina fita, mutane kuma suka daina shigowa. Na ƙarshensu shi ne Issaka, abokina tun muna samari, wanda kowace Asabar muke shan shayi a rumfata. Wata rana ya gyara mini ƙafar mota a garejinsa, kyauta, sai na ɗauki sifana na bi kowane noti na sake ɗaurewa, a gaban masu kawo masa aiki. (Biyu daga ciki ba su ɗauru sosai ba. Har yau ina kan wannan magana.) Asabar ta zo, shayi ya huce, bai zo ba. Haka aka yi shekara biyu.

Motar tsohuwar fikof ce mai shan fetur, baƙa wuluk, wadda Rabi take ɗauko atamfofi da ita daga Zongo Lane. Wata rana ina hawan gangaren da ke wajen Kokomlemle, sai ga aboboya, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku da ake dakon kaya da shi, shaƙe da ledojin ruwa, ya wuce ni. Matuƙin ya waiwayo ya ce, "Papa, a tura ka?"

Na ba ɗana Bashir labari a waya. Yana Jamus, kuma kiransa ba ya wuce tambayar lafiya da ta magani. Ranar ya yi dariya, ya ce akwai wata iska da ake kira naitiros, ana ɗura ta a tulun ƙarfe, ana fesa wa inji na 'yan daƙiƙu, sai ya ƙona mai fiye da yadda ya saba, ƙarfinsa ya ƙaru. "Baba, ka zaɓa, ni zan aiko." Mun yi minti ashirin muna magana. Na duba agogo.

Mako shida na yi ina zaɓe, kuma a wannan ba ni da abin kunya. Iri biyu ne. Akwai mai tura iskar ita kaɗai, ya bar injin ya ƙara wa kansa mai, akwai kuma mai tura ta tare da ƙarin fetur. Tsohon inji mai kafireta ba shi da basirar ƙara wa kansa komai, kuma iska ba tare da isasshen mai ba narkar da fistin take yi, don haka na ɗauki na biyun, da bakin feshi mafi ƙanƙanta. Na auna ƙarfin kowane fistin. Na sa sabon famfon mai, na canza fulogi zuwa masu jure zafi, na ja taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, baya kaɗan. Na haɗa makunnin yadda ba zai yi aiki ba sai an take totur har ƙasa kuma injin ya riga ya ɗauki gudu. Gwaji kuwa na ƙudura sai a bayan gari, a hanyar da babu kowa, domin mai hankali ba ya gwada irin wannan a titi mai cunkoso irin na Nima. Tulun ya iso babu komai a ciki, na kai aka cika shi a wajen Tema, na kafa shi a bayan motar, na rufe da tamfol.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tulun shuɗi ne, shuɗin bokitin wanka, a bayan baƙar mota. Kwana uku ina ɗaga tamfol ina kallonsa. A na huɗu na shafa masa baƙin fenti, shafi biyu, har yana ƙyalli.

Sannan na rubuta takardun gayyata goma sha biyu da hannuna: Asabar, ƙarfe goma daidai, za a yi bayani a kan sabuwar na'ura. Ta Issaka sai da na sake rubuta ta sau uku. A tunanina makanike ba zai iya jin labarin irin wannan abu ya ƙi zuwa ba, kuma in ya zo domin inji, ba sai na ba da haƙuri ba.

Ƙarfe tara da rabi na jera kujeru goma sha biyu. Na kafa allo, na rubuta babi biyar da alli, na sa farar riga mai sitaci. Ƙarfe goma daidai na yaye tamfol, na zauna.

Shekara saba'in da ɗoriya ina zaune a Zongo, amma ban taɓa yarda cewa ƙarfe goman mutanenmu yana nufin bayan Azahar ba. Sha ɗaya ta yi. Sha biyu ta yi. Trotro, motocin hayarmu, suna wucewa, fasinjoji suna leƙen tsoho da kujerunsa. Na gyara layin kujerun sau biyu, ko da yake babu wanda ya taɓa su. Rana ta tsaya a tsakiyar kai, irin wadda ba a iya dafa ƙarfen mota. Ya zo mini in mayar da tamfol, sai na ce a'a: in Issaka ya ɓullo ta kwana, ina so tulun ne zai fara gani. (Akwai geji mai nuna matsin iskar, amma na kafa shi a cikin mota domin ya fi kyau a can, kuma ba ya nuna komai in bakin tulun yana rufe.)

Bayan salla Malam Yakubu ya biyo ni, don tausayi nake zato. Maman Adiza ta tsallako ta zauna tana fifita da mayafi. "Masta, ni inuwa na zo sha, amma ka yi karatunka." Ƙarfe biyu na fara, da ɗalibai biyu. Ina cikin babi na biyu sai ga Issaka, hannu a aljihu, ya ƙara furfura. Ya yi sallama, bai zauna ba, ya wuce bayan motar. Ya kai hannu kusa da tulun, ya janye.

"Masta, wannan abu tun yaushe yana rana?"

"Tun ƙarfe goma, kamar yadda aka rubuta."

"Kuma kai ka sa masa baƙi?"

"Shuɗi bai dace da motar ba."

"Chale," ya ce, yadda ake kiran aboki a nan, "rufe shi. Kawo ruwa, yanzu yanzu."

Shekara biyu ina jiran muryar nan. Ga abin da na amsa mata da shi: "Alhaji, ka zauna. Kiyaye haɗari babi na biyar ne, muna na biyu."

A wuyan irin wannan tulu akwai ɗan siririn faifan ƙarfe, wanda aka yi shi domin ya fashe in zafi ya sa matsi ya yi yawa, iskar ta fice kafin tulun kansa ya tarwatse. Na san da shi, na ma zana shi a allo. Abin da ban sani ba shi ne ƙararsa. Wani abu ya ce tas, sai tsuwa mai tsaga kunne, farin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar.

An ce mini Issaka baya kawai ya ja, ya kama hannun Maman Adiza suka matsa. An ce Malam Yakubu salati ya yi. Ni ban ga ko ɗaya ba. Ni da na yi shekaru ina koya wa ɗalibai cewa natsuwa ita ce sifana ta farko, na yar da sandar nuni, na ture kujeru uku, na tsallake abin da ƙafata ta daina iya tsallakewa tun tuni, na faɗa kwatar bakin titi har ƙugu. Kuma ina ciki ina ihu, da muryar da duk layin ya ji:

"Rabi! Rabi, kashe gas!"

Iskar ta ƙare, tsuwar ta mutu. Mutanen da ban gayyata ba sun cika titi, har sun fara dariya, amma da yawansu sun san Rabi, sai dariyar ta tsaya a rabi. Da sun ci gaba da ita da ya fi mini sauƙi. Malam Yakubu ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a allo, ya karanta a fili, a hankali, kamar mai bitar karatu: "Babi na biyar. Na ɗaya. Kada a bar tulu a rana."

Issaka ne ya tsuguna a bakin kwatar ya miƙo hannu. "Taso, tsoho. Rabi ba ya nan. Mu ne muke nan." Da ya jawo ni ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Rigan ma yanzu ya dace da motan."

Maman Adiza ta kawo bokitin ruwa. "Masta, ka wanke kafin ka shiga babi na uku."

Washegari Issaka ya dawo. Ya ɗauki kayan aikina ya kwance tulun, ya duba injin, ya ce aikin yana da kyau ƙwarai, bai taɓa ganin haɗi mai tsabta haka ba. Da ya gama ya rataye sifana mai lamba goma sha uku a ƙusar goma sha huɗu. Na gani. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta da shayi, kuma ban gyara ba sai da ya sha kwana.

Abin da na koya bai kai babi ba: in mutumin da ka yi shekara biyu kana jira ya ce ka kawo ruwa, ka kawo ruwa, tsarin darasi ya jira.

Ban sake cika tulun ba, yana jingine a bayan ƙofa. Motar tana hawan gangare yadda ta saba, aboboya yana wuce ta. Bashir ya koma tambayar magani. Kowace Asabar kujera biyu nake fitarwa, kuma daga ranar zuwa yau Issaka ya zo sau uku.