Akwatin Rahoton Malam Sabi'u

Wani mutum ne a jami'armu ana ce masa Malam Sabi'u. Bai gama digirin digirgir ba tukuna, amma ya riga ya sa an rubuta "Dakta" a gilashin motarsa ta baya. Ko mai shayi ya kuskura ya ce masa Malam, sai ya sha harara.

Bincikensa a kan kurakuran da ake yi a asibiti ne: a ba mara lafiya maganin wani, ko a yi allura ba daidai ba, ko mutum ya faɗo daga gado. Wai yana so ya gano ko ma'aikata suna kai rahoto. Sai ya sa kafinta ya ƙera masa akwati mai ƙwado, aka kafa a barandar wani babban asibiti, duk wanda ya ga kuskure ya rubuta a takarda ya jefa ba sai ya sa sunansa ba. Ranar kafawa ya zo da babbar riga, ya manna ƙaton hotonsa a saman akwatin da hannunsa, ya shafe shi lumui da gam. Aka ɗauki hoto, ƙyas ƙyas, ya shiga mota. Asibitin bai sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan wata shida.

Da ya buɗe, wayam! Ko tsinke babu.

Da wani ne, da gabansa ya faɗi. Shi kuwa sai ya hau kuri a ɗakin malamai.

"Na gano asibitin da babu kuskure ko ɗaya! Ko a Turai ba a taɓa samun wannan sakamako ba. Ku jira ku ji sunana a rediyo."

Ranar kare bincike ta zo, ranar da za a ce ya zama Dakta ko bai zama ba. An riga an yanka rago a gida. Ya ɗauko akwatin ya dire a kan tebur don shaida, ya kuma gayyato Sista Asabe, tsohuwar nas ta asibitin, don ta gaskata shi a gaban jama'a. Ta zauna a baya da wata baƙar leda a cinya.

Mai jarrabawa daga waje Farfesa Kulu ce, wata 'yar siririya da ta yi shekara goma sha biyar tana aikin jinya kafin ta koma koyarwa. Ta bar shi ya yi ta zuba har minti arba'in, sannan ta sauke tabarau.

"Malam Sabi'u, sau nawa ka leƙa asibitin?"

"Ranki ya daɗe, ai tsarin da na kafa ba ya buƙatar sintiri."

"Ma'aikata nawa ka zauna ka tambaya?"

"Baki yana ƙarya, Farfesa. Akwati ba ya ƙarya."

"To. Kafin ka kafa shi, ka gwada jefa takarda ko ɗaya?"

Ya yi 'yar dariya, ya dubi jama'a. "Haba Farfesa, akwati ne fa!"

Ta yago takarda, ta ninke, ta miƙa masa. "Bismillah. Jefa."

Ya karɓa da ƙwarin gwiwa. Ya duba gaba, katako. Ya juya baya, katako. Ya ɗaga ya leƙa gindi. Gumi ya fara tsattsafo masa daga ƙarƙashin hula. 

Farfesa ta taso a hankali, ta shafa saman akwatin da yatsa, ta ɗauki biro ta caka a tsakiyar hotonsa. Fus! Biro ya shige ta hancin Malam Sabi'u. Ashe ramin da kafinta ya yanka na jefa takarda, shi gogan naku ya liƙe da hotonsa tun ranar farko.

Dariya ta ɓarke, har wani malami ya ƙware da ruwan da yake sha.

"Sista!" in ji Sabi'u. "Don Allah ki gaya musu, ai babu kuskure a asibitinku!"

Sista Asabe ta taso tana jan ƙafa, ta kwance ledarta, ta zazzage a kan tebur. Takardu suka zubo yuu, har ƙasa.

"Ga su nan, ɗana, na wata shida ne. Kullum sai mun zo jefawa, mu tarar da kai kana mana murmushi. Mu kuma muka ji nauyin huda maka fuska."

Farfesa Kulu ta karɓe takardar da ke hannunsa, ta rubuta layi ɗaya, ta tura ta cikin hancin hoton. Ta faɗa ciki, tak.

"Na rubuta sunanka, Malam," in ji ta. "Akwatinka ya samu rahoton kuskure na farko."