Gwanin Bindigar Unguwar Mansur

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a shekarata ta shida a Makka ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Har a gaban Ka'aba na kai maganar (jama'a na roƙon Aljanna da zuri'a tagari, ni ina gefe ina roƙon Allah ya lalata wayoyin wasu bayinsa).

Karatu ne ya kawo ni daga Haɗeja. Karatun bai kai inda aka so ba, sai na samu aiki a unguwar Mansur, a shagon Ammi Bakur, wani dattijo haifaffen Makka wanda kakansa ya zo Hajji a ƙafa daga Katsina bai koma ba. Shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, takardar zamana da ta matata Hajara da ta yaranmu biyu duk a kansa suke. Kayan fita daji muke sayarwa: tantuna, dardumai, butocin shayi, fitilu, jakar bindiga, man goge ta, da darbil, wato madubin nan da ake ɗaurawa a bayan bindiga ya jawo maka abin da ke nesa. Bindigar kanta ba ma sayarwa, ba mu da izininta.

Abin ya fara ne da ƙaramar magana. Wani ya tambaye ni wane darbil ne ya fi, ni kuwa na karanta 'yar takardar da ke cikin kwalin, sai na zuba masa. Ya ji daɗi, ya saya. Daga nan na koma kallon bidiyon maharba a waya, na haddace sunayen harsasai da yadda iska ke karkatar da su. Wata rana wani ya ce, "Kai da gani ka yi farauta a ƙasarku." Ban ce e ba, murmushi kawai na yi. Bayan wata biyu murmushin ya zama kakana Sarkin Baka ne. Bayan shekara guda ni da bakina nake ba da labarin barewar da na kayar tana cikin gudu. Aka sa mini suna Mu'allim, wato gwani. Ammi Bakur ya riƙa nuna ni ga baƙi kamar wata sabuwar haja.

Gaskiyar magana, ban taɓa riƙe bindiga ba. Ni ne mutumin da in tayar mota ta fashe a titi sai an ji salatina a layi na uku.

Sai ga Abu Nayif. Shi ne babban mai sayen kayanmu, duk lokacin sanyi shi ke kwashe rabin shagon ya tafi daji da danginsa. Ya shigo yana fara'a, ya ce takardunsa sun fito, ya sayi sabuwar bindiga a wurin wani dillali a Jidda. Irin mai sakata ce, wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga. Ya sayi darbil mafi tsada a shagon, sannan ya ce yana son wanda zai ɗaura masa ya daidaita saitin.

Ammi Bakur ya dafa kafaɗata. "Ga Mu'allim. Ranar Asabar ni da kaina zan kawo maka shi."

Ran Asabar ɗin ina shan shayi, Hajara ta tsaya a kaina. "Baban Amira, don Allah ka faɗa musu gaskiya. Kai da ko kaza sai an kira maƙwabci ya yanka mana."

Na ce, "Ke ba ki san abin ba ne. Na ga yadda ake yi ya fi sau ɗari."

Ta ce, "Ni ma na ga yadda ake tuƙa jirgi."

Filin harbin yana can bayan an fita iyakar Harami ta hanyar Jidda. Rumfa ce doguwa da teburan siminti, a kan kowanne an ajiye buhunan yashi, can nesa kuma, mita ɗari, ga allunan da ake manna takardar saiti. Na zaci mu uku ne. Ashe Abu Nayif ya gayyato ƙannensa da 'ya'yan baffanninsa, mutum tara, da gahawa da dabino, sun zo ganin jikan Sarkin Baka. Mai kula da filin wani tsohon soja ne da ake kira Abu Usman, baƙi siriri mai furfura, ba ya yawan magana. Ya karanta mana dokokin wurin da Larabci, ya ba kowa abin toshe kunne, ya koma gefe ya harɗe hannu.

Ɗaura darbil ɗin dai na yi shi tsaf, wannan kam na iya. Sannan na yi musu lacca ta minti goma a kan numfashi: a ja, a saki rabi, a matsa kunamar a hankali kamar ana taɓa kan jariri. Suna ta gyaɗa kai. Ammi Bakur na kallona kamar ni ne ɗansa na fari.

Na zauna a kan kujera, na rungumi bindigar. Ta fi yadda na zata nauyi, tana ƙamshin sabon mai. Na manna idona a jikin darbil kamar mai leƙen ƙofa (ni da na gaya wa mutum ya fi ɗari cewa a bar tazarar yatsu huɗu). Na ja kunama.

Ban san ƙara na iya shiga mutum ta haƙori ba sai ranar. Gindin bindigar ya daki kafaɗata, darbil ya sare ni a gira, jini ya sauko mini har cikin ido. Aka taso ana yi mini sannu, "Salamat, salamat!" Na ɗaga hannu ina murmushi. "Ba komai, haka sabuwa take, sai ta gaisa da mutum." Suka yi dariya, suka ce lallai Mu'allim namiji ne. Abu Usman ya manna mini filasta.

Biyar-biyar ake harbawa, sauran huɗun kuwa ban ga ko ɗaya ba, don tun kafin yatsana ya ƙarasa idona ya riga ya rufe kansa. Sakatar ma kokawa na riƙa yi da ita, ina ja kafin in ɗaga. Ɗaya daga cikin harsasan ya tayar da ƙura a ƙasa tun bai je ko kusa da allon ba. Ina yi ina cewa ƙasa-ƙasa, da Hausa don kada kowa ya ji, "Na shiga uku, na lalace."

Aka ɗauko takardar. Fes take, za a iya mayar da ita shago a sayar.

Na murɗa maɓallan darbil dama da hagu ina ƙirga da ƙarfi don a san aiki nake. Na sake harba biyar. Wannan karon an samu rami guda, a jikin katakon da ya riƙe allon.

A nan ne ya kamata in tsaya. Maimakon haka sai na ɗaga bindigar, na kanne ido ɗaya na duba tsawonta, na girgiza kai. "Ya Abu Nayif, an cuce ka. Bakinta a karkace yake tun daga inda aka ƙera ta."

Fuskarsa ta canza. Nan take ya kira dillalin, ya fara zazzaga masa masifa, yana cewa zai kai ƙararsa, zai sa a rufe masa shago. Ina jin muryar bawan Allah ta cikin wayar yana rantsuwa. Mutumin da ban taɓa gani ba, ana ci masa mutunci saboda ni, ni kuma ina tsaye ina gyaɗa kai.

Sai Abu Usman ya matso, ya sunkuya kamar yana gyara buhun yashi, ya yi magana kusa da kunnena. Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta Sakkwato.

"Ɗan'uwa, kai ba ka taɓa harbi ba. Tun ɗazu nike jin ka. Ka ce raunin nan ya sa ka jiri, ka janye maganar bindiga, ni in ƙarasa saitin. Kowa ya koma gida da mutunci nai."

Wallahi na ji maganar ta shige ni. Amma na ɗaga kai na ga Ammi Bakur yana kallonmu, sai na ji bakina ya buɗe da kansa, da Larabci, da ƙarfi: "Ya Abu Usman, ni za a koya wa bindiga? Matsalar ba a hannuna take ba."

Abu Usman ya dube ni. Ya ce, "Tayyib," wato to, shi ke nan.

Ya karɓi bindigar, ya juya mana baya, na ji ƙarar sakata. Ya ɗora ta a kan buhunan ya ce, "Guda ɗaya kawai, Mu'allim, in ga ta inda take karkata." Abu Nayif ya ce wa ƙannensa su ɗauka a waya, don ya samu shaidar da zai nuna wa dillali. Wayoyi tara suka tashi.

Na zauna. Na ja numfashi. Na saki rabi. Na matsa kunama.

Na runtse ido, na kawar da kai, na ƙwalla "Wayyo Inna!" na yi baya da dukkan ƙarfina. Kujerar ta tafi da ni. Na tsinci kaina a rigingine, ƙafafu a sama, jallabiyata ta rufe mini fuska, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri.

Shiru. Na zaci ƙarar ce ta kurmantar da ni. Na janye rigar daga fuskata, sai na ga bindigar tana nan a kan buhunan yashi yadda aka ajiye ta, ko motsi ba ta yi ba. Abu Usman ya ja sakatar a hankali, ya nuna wa kowa cikinta. Babu harsashi. Ɗan ƙyas ɗin da kunama ta yi, shi ne ya kayar da ni.

Ƙaramin ƙanin Abu Nayif ne ya fara, sai sauran suka ɗauka. Wani har da durƙusawa yana dukan ƙasa, wani gahawa ta sarƙe shi. Abu Usman bai yi dariya ba. Ya zauna, ya loda harsashi, ya harba uku, ya duba, ya murɗa darbil ya warware ɓarnar da na yi, ya sake harba uku. Da aka kawo takardar, ramukan nan uku suna tsakiya, a manne da juna, babban yatsa ɗaya ya rufe su. Abu Nayif ya koma gefe ya sake kiran dillalin, ina jin sa yana roƙon gafara, "Samihni, ya shaikh, samihni."

A mota Ammi Bakur ya kafa wa titi ido har muka shigo gari. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai da muka tsaya a danja ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ya waladi, ɗana, shekara huɗu ina ba mutane labarin kakanka. Mece ce sana'arsa?"

Na ce, "Tela ne, Ammi."

Ya gyaɗa kai. "Sana'a mai albarka. Akwai tantuna yagaggu a sito."

Bai kore ni ba, saboda yarana, ya ce. Amma tun daga ranar ban sake tsayawa a gaban kantar shagon ba. Abu Nayif ya koma sayayya wani shagon. Kafin la'asar bidiyon ya zaga Mansur, kafin Juma'a ya kai har unguwar Jarwal, an ma sa masa kiɗa. Hajara ta same shi ne daga ƙanwarta da ke Kano, da tambayar, "Yaya, wannan ba Baban Amira ba ne?" Ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Abinci kawai ta zuba mini, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, na ji gado yana girgiza.

Yau shekara uku ina sito, ɗakin da ba taga, ni da allura da ƙurar tantuna. Tabon yana nan a girata. Sau biyu Abu Usman yana aiko mini cewa in zo ya koya mini harbi kyauta, ranar da ba kowa a filin. Ban je ba. Ba bindigar nake tsoro ba yanzu, idonsa nake jin kunya.

Abin da na koya ba shi da yawa. "Ban sani ba" kalmomi uku ne kacal, da na faɗe su tun farko da yanzu ina gaban kanta a ƙarƙashin na'urar sanyi. Sannan duk ranar da ka ga dattijo ya sunkuyo ya yi maka Hausa a wurin da ba ka zaci akwai mai jin ta ba, to rufin asiri ya kawo maka, kuma sau ɗaya zai miƙo. Ka karɓa da hannu biyu.