Ranar da Liman Ya Yi wa Kart-mer Tofi

Ko tsufa zai kwashe min komai a ka, ba zan taɓa mantawa da yammacin da dattawan unguwarmu a Madarunfa suka zauna ba da ra'ayi kan kayan wasan ordinata (wato kwamfuta) ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su yi zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ina da ɗan shago kusa da tasha. Gyaran ordinata da portabul, wato wayar hannu, nake yi, a ciki kuma na jera wasu ordinatoci da na harhaɗa da hannuna, samari suna zuwa buga ƙwallo da tseren mota da harbe-harbe. Shagon bai fi ɗakin gwauro ba, amma in ka ji ina kwatanta shi a waya sai ka rantse bene ne.

Wannan cika bakin ne ya haɗa ni da Madam Ramatu, wadda ke kula da ciniki a wani kamfani na Yamai mai shigo da kayan ordinata. Masu ƙera musu kart-mer (wato faffaɗan allon nan na cikin ordinata wanda duk sauran kaya ke manne a jikinsa) suna shirin fito da sabuwa ta masu wasa, suna so su ji daga bakin masu wasan kansu abin da suke so da abin da ke ba su haushi. Kamfanin kuma yana neman wakili a jihar Maraɗi, mai sayar musu da kaya yana kai musu maganar jama'a. Wakilcin nan nake so kamar raina. Har kalar fentin da zan shafa wa ƙofar shago na riga na zaɓa.

Duk hirarmu ta waya da Faransanci muka yi ta. Ni na fara, don ta san ba ɗumama benci na je yi makarantar lise ba, ita kuma ta bi ni a haka. Daga jin Yamai na yanke hukunci Bazabarmiya ce, ban taɓa tambaya ba. Da ta ce za ta zo da samfurin kart-mer ɗin ta zauna da masu wasana, sai na ce mata ai ta zo kawai, jama'a ce za ta gani har ta gaji.

Da na ajiye waya sai na dubi shagon. Mutum biyar in suka shiga, na shida sai ya tsaya a bakin ƙofa. Don haka na nufi gidan Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, wanda ke da babbar rumfa a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe shi, na ce baƙuwa ce za ta zo daga Yamai jin ra'ayin jama'a kan wata na'ura. Kalmar wasa kam ban bari ta fito daga bakina ba, domin Kawu ya ɗauka shagona wata ƙaramar makaranta ce, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gyara masa zato ba.

Kawu ya gyara zama. "Tun daga Yamai? Kuma da wa za ka haɗa ta?"

"Da samarinmu, Kawu."

"Kai, kana da hankali kuwa? Baƙuwa ta taso tun daga Yamai ka tara mata yara? A ce garin ga babu manya? Tahi abinka, ni na san waɗanda zan kira."

Ya kamata a nan in buɗe baki in faɗi gaskiya. Sai na ce, "To, Kawu. Allah ya ƙara girma."

Ranar taro, bayan la'asar, na iso rumfa na tarar an shimfiɗa tabarmi har da darduma. Ga Kawu a tsakiya da babbar riga, ga Liman da carbinsa, ga Alhaji Idi mai sayar da hatsi, ga sauran abokan hirarsu, wasu daga gona suka dawo suka yi wanka musamman. Samarina kuwa, waɗanda a shago sai na yi ta roƙonsu su rage ihu, sun rakuɓe can baya jikin katanga sun yi tsuru-tsuru. Laminu ɗan kabu-kabu, wanda duk garin ba mai cin sa a ƙwallon ordinata, kuma shi na dogara da shi ya yi bayani, ya ja hula har kan gira. Sai a lokacin na tuna 'yar Alhaji Idi yake aure. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha gaban surukinsa, shi zai tashi ya ba da labarin yadda yake yini yana buga wasa da damina, ana tsakar noma?

Mota ta tsaya, Madam Ramatu ta fito da mayafinta da jaka a hannu. Ta yi sallama, ta rusuna ta ce, "Ina wuninku?" Dattawa suka amsa da fara'a. Kafin ta ƙara wata kalma na yi tsalle na shiga tsakani.

"Gaisuwar kaɗai ta iya, Kawu. Ba ta jin Hausa, ni zan riƙa fassara."

Ta juyo ta dube ni, ta ɗan yi murmushi, ta zauna. (Ni a lokacin na ɗauka murmushin godiya ne.)

Ta zaro kart-mer ɗin daga wata leda mai sheƙi. Baƙa ce wuluk, da zanen kan wata dabba mai jajayen idanu a gefe guda. Ta yi bayani da Faransanci cewa ita kaɗai ce samfurin da ke hannunta, a riƙe ta ta gefe-gefe, sannan ta tambaya su wa ke wasa a cikin taron. Na juya na ce, "Ta ce su wa ke neman ilimi da ordinata a nan?" Samari suka ɗaga hannu a hankali, iyayensu na gyaɗa kai. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce a raina ashe abin ma mai sauƙi ne.

Bisa al'ada, babba aka fara miƙa wa. Alhaji Idi ya ɗora ta a tafin hannu yana jijjigawa kamar mai auna kaza a kasuwa.

"Wanga abu ba ya da nauyi," ya ce. "Kayan da za su yi ƙarko nauyi gare su. Wanga ko damina guda ba ya yi."

Na juya wurin Madam na ce Alhaji ya yaba da rashin nauyinta, ya ce za ta yi daɗin ɗauka.

Kawu ya karɓa, ya shafa bayanta, ya janye hannu da sauri. "Kai! Ƙaya gare ta sai ka ce ƙarangiya. Shi maƙerin bai da magagari ne?"

Na ce Kawu ya lura da ingancin walda.

Madam tana ta gyaɗa kai, tana cewa in ci gaba. Ni kuwa baki ya buɗe. Wani ya tambaya ko tana ɗaga ruwa daga tafki zuwa lambu, na ce yana sha'awar sanin tsarin sanyaya ta da ruwa. Wani ya ce shi dai a gaya wa mutanen Yamai taki ya yi wuyar samu bana, na ce yana fatan kayan za su wadata a kasuwa. Gumi na bin bayana, amma ina jin kaina kamar wani babban tafinta a taron ƙasashe. Sau ɗaya na yi wa Laminu ido ya ce wani abu, sai ya sunkuya ya shiga gyaran igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Sai aka zo kan Liman. Ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana kallon kan dabbar nan.

"Wanga hoto na mi ne? Kura ce ko aljani?" Bai jira amsa ba. "Ko ma mi ne, abin da zai shiga hannun ɗiyanmu ba a barin shi haka nan."

Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya karanto addu'o'insa, dattawa na amsawa da amin. Ina ganin inda aka dosa, amma wa ya isa ya katse Liman yana tsakar addu'a? Ya kammala, ya cika baki da iska, ya yi mata tofi sau uku, mai kyau, har da yayyafi.

Kowa ya juyo yana jiran in fassara. Ban san daga inda maganar ta fito ba, na ji bakina yana cewa da Faransanci, "Malam yana gwada juriyarta ga danshi ne."

Madam Ramatu ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ta ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinta, ta fashe da dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi sai ta miƙa hannu biyu ta karɓi kart-mer ɗin, ta ce da Hausa tsantsa, irin tamu ta nan, "Amin, Baba Liman, Allah shi karɓa. Ku yi mani gafara, ba ku nike ma dariya ba." Sannan ta dube ni. "Malam tafinta, ka huta haka nan, ka sha aiki."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya dube ni, ya dube ta. "Ɗiyata, ashe kina jin Hausa?"

"Baba, ni da aka haifa a Gabi, nan kusa da ku? Aiki ne ya kai ni Yamai."

"To tun da Allah ya kawo sauƙi, gaya mana da bakinki. Abin ga na mi ne?"

Ta ɗan saci kallona, kamar mai ba ni dama ta ƙarshe. Na kau da kai.

"Na wasa ne, Baba. Wasan da samari ke yi a shagonshi, su ƙwallo da tseren mota."

"Wasa?" Kawu ya maimaita a hankali. "Wasa munka baro gona dominshi? Har da Liman?"

Alhaji Idi ya waiwaya baya, da alama ya tuna ya ga surukinsa ya ɗaga hannu ɗazu. Babu Laminu babu dalilinsa. Ya tsallake katanga ya bar babur ɗinsa a jingine da makulli a jiki.

Abin da ya cece ni daga faɗan Kawu a ranar shi ne Gabi. Da aka bi salsala sai ga shi Kawu ya san kakanta, sun taɓa tafiya cin rani tare. Nan aka manta da ni aka shiga tambayar wane yana raye, wane ya rasu. Ni ina tsaye gefe riƙe da ledar kart-mer, ba mai ko kallona.

Da dattawa suka watse, ta ce in kai ta fadar da samarin ke shan shayi. Can, babu uba babu suruki, sai ga bakuna sun buɗe har ana katse juna. Suka ce fitilun ado da ake cika wa abin ba su dame su ba, a ba su wadda za ta jure zafin bazara. Suka ce kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa ya dawo da ƙarfi ya ƙone kaya, a yi mata kariya. Laminu, wanda ya lallaɓo ɗaukar babur aka riƙe shi, ya ce a ƙara ramukan sa manet, abin da ake riƙewa a buga wasan, don su wasa a taru ake yin sa, ba kowa da tasa ordinata ba. Duk abin da suka faɗa na san shi, kullum a kunnena suke faɗarsa. Da na kawo ta nan tun farko, da an gama lafiya.

Na raka ta mota ina ta haɗa kalmomin ban haƙuri, wannan karon da Hausa. Ta saurare ni har na gama, har yanzu da sauran dariya a fuskarta.

"Na bar ka ne in ga iyakar gudun ruwanka," ta ce. "Gyara ka iya, jama'a kuma kana da su. Amma wakili kunnena ne. In Alhaji ya ce abu ba ya ƙarko, haka nike so ya iso mani. Kunnen da ke yi wa magana kwalliya kafin ta iso, mi zan yi da shi?"

Wakilcin wani aka ba a Maraɗi. Yanzu in ina son kayan kamfanin, wurinsa nake hawa mota in je in saya, yana ce min abokin ciniki.

Na dai koyi abu biyu. In kana son jin gaskiyar mai wasa, kada ka zaunar da shi gaban surukinsa. Kuma kafin ka naɗa kanka tafinta, ka fara tambaya ko akwai wanda bai ji ba. Sai dai hali zanen dutse ne. Duk sanda na je gaishe da Kawu sai ya ce, "Ina labarin ɗiyar nan ta Gabi? Kuna waya?" Rabona da jin muryarta tun ranar, amma sai in gyara durƙuso in ce, "Muna yi, Kawu. Tana gaishe ka."