Fuskar Baban Hadiza

Ba zan taɓa mantawa da ranar da malamin kwalejinmu ya zo duba ni a wata sakandare da ke Achida ba, lokacin ina gwajin koyarwa. Idan na faɗi, sai in maimaita shekara, ga tsohona ya riga ya gaya wa duk mutanen garinmu Marnona cewa ɗansa ya zama malamin Turanci.

Darasin ranar a kan kalmar "ashen" ne. Na rubuta ta a allo, na ce launi ne toka-toka mai haske, kuma an fi faɗinta ga fuskar wanda ciwo ko firgici ya tsotse wa jini. Ɗalibai suka zuba mini ido kawai. Mai dubawa kuwa yana baya yana hamma (an sha gaya mana a kwaleji cewa darasi ba misali, miya ce ba gishiri). Gumi ya fara keto mini.

Sai ga wani dattijo a bakin ƙofa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Fuskarsa ta yi fari fat, leɓɓansa sun bushe. Na ɗauka daga fadama yake, ya gama watsa toka a irin albasa. Na ce a raina, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ko gaishe shi ban yi ba. Na kamo hannunsa na tsayar da shi gaban allo, na nuna fuskarsa da alli, na sa aji su maimaita kalmar da ƙarfi. Suka yi ta rera ta suna dariya. Har na ƙara da cewa a tafa wa Baba (wallahi, ni na fara tafin).

Bai san abin da muke faɗi ba. Ya jira har muka gama, sannan ya dube ni.

"Malam, ka yi man gafara. Ɗiyata Hadiza na zaka ɗauka. Yanzun ga Allah Ya yi ma uwatta rasuwa."

Hadiza tana bencin gaba, hannayenta ba su gama rabuwa daga tafin ba. Ta miƙe, ta bi bayansa ko jakarta ba ta ɗauka ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Mai dubawa ne ya tashi ya raka su bakin titi, ya tare musu babur, ni ina tsaye da alli kamar an dasa ni.

Da na je gaisuwa, dattijon har tabarma ya shimfiɗa mini, ya yi godiya cewa ina ƙoƙari da yara. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gwajin dai na ci, da ƙyar. Amma har yau duk wanda ya tsaya mini a ƙofar aji, ko mai tallan rake ne, sai na tambayi lafiyarsa da ta gidansa kafin Turancina ya motsa.