Tseren Titin Baba

Wani ne, ɗan garinmu, direba a unguwar Ain Khaled. Sunansa kuwa ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba. Wata biyu da zuwansa Doha, kyamarar titi ta haska shi sau biyar saboda gudu. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ya ja masa kunne: "Ta sake haska ka, khalas, shi ke nan, sai filin jirgi."

Tun daga ranar, bawan Allah ko fitilar waya ya gani sai ya taka birki.

Ran nan aka ce ya kai baban kafil gona. Suna isa ya ga wani tsohon titi kwance cikin rairayi, ba gida gaba ba gida baya.

"Baba, wannan wane gari yake zuwa?"

Tsoho ya ce, "Ba ya zuwa gari. Ni na shimfiɗa abina shekara hamsin da suka wuce, don tsere kawai. Ba ɗan sanda, ba danja. Duk shekara muna karawa da abokaina. Yanzu ido ya ƙi, direbobi ke ja muna zaune gefensu. Abokina Rashad bai taɓa wuce ni ba. In ya wuce ni yau, kai ma ka wuce gida."

To fa, gaba kura baya siyaki.

Aka jera motoci takwas, aka ɗaga tuta, bakwai suka tashi. Gogan naku ya gyara madubi, ya karanta addu'ar hawa mota har ƙarshe, ya kunna sigina, ya leƙa hagu da dama. A hamada fa, jama'a.

"Yalla!" in ji tsoho.

"Baba, nawa ne iyakar gudu a nan?"

"Babu."

"Kyamara fa?"

"Na ce maka titina ne."

"Rantse."

Tsoho ya rantse. Ashe mutumin naku tsohon direban Kano zuwa Legas ne, tsoro ne kawai ya ladabtar da shi. Ya ba ta wuta. Ya wuce shida kamar an ɗaure su. Ya kamo Fatawu, direban Rashad, har da zuge gilashi ya yi masa sannu da aiki, ya wuce. Baba sai dariya yake, haƙoran roba na rawa a baki.

Saura ƙiris a kai layi, sai ya hango mai hoton da aka ɗauko ya kafa kyamara kan ƙafa uku, yana jiran gwani.

Ƙiiii! Haƙoran Baba suka yi gaba suka bar shi. Motoci bakwai suka wuce fuu, kyamara na ta walƙiya. Shi kuwa ya sauka titi, ya lallaɓa ta bayan mai hoto, ya kashe mota.

Baba ya ɗora hannu a ka. "Shekara hamsin. Ka kashe ni. Dubi Rashad can yana rawa."

Gogan ya tsinto haƙoran, ya goge da rigarsa, ya miƙa masa.

"Baba, bar shi ya yi rawarsa. Su bakwai ɗin duk ta haska su, a kan idona. Gobe war haka suna filin jirgi."