Garin Ƙuli a Jan Bokiti

Shin Malam, maigidana, ya san abin da ke cikin bokitin nan tun da safe, ko bai sani ba? Shekara da shekaru tambayar tana bakina ban yi masa ita ba, yanzu kuma ya cika wata bakwai a ƙasa. Ina faɗa ne, Hajara matar ɗana tana rubutawa, don ni ko alif ban iya ja ba. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya zo mini, sai ku yi haƙuri.

Ba zan taɓa mantawa da wannan Laraba ba, ko da zan manta sunana. Wajen ƙarshen zamanin siyasa ne, lokacin da shinkafa da madara da sabulu suka ɓace daga kantuna, masu albashi suna wata uku ba su ga komai ba. Malam yana noman albasa a nan Bodinga, ni kuma ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da su muke rufa wa kanmu asiri.

Ɗana na fari (ba na faɗin sunansa, gari na ce masa Injiniya, ni ma haka zan ce) ya dawo daga Ingila da takardar karatun wuta. Yadda gobara ke tashi, yadda take bin gini, yadda ake tare ta. Da aka fara gaya mini, na ce to mu da muke hura ta tun muna 'yan shekara bakwai, wa ya ba mu takarda? Hajara matarsa kuma nata karatun a kan kula da yara ne. Ta bi Shagari da Horo Birni da Mandera gida gida, duk yaron da ta gani da tabon ƙuna sai ta zauna da uwarsa ta ji yadda aka yi. Mafi yawa tukunya ce ta kife, ko mai ya kama wuta aka watsa masa ruwa. Sai suka haɗa aikinsu. Shi ya gina wa mata murhu mai ɗan katanga wanda mai rarrafe ba zai kai ga tukunya ba, ya kuma raba jan bokiti mai murfi, cike da rairayi, a kafa shi kusa da murhu. Gidanmu aka fara kawo wa.

Aikin koyarwa Injiniya yake nema a jami'a, amma gwamnati ta ce a daina ɗaukar mutane. Shekara guda yana zaune. Daga baya aka ce akwai gurbi ɗaya tak, kuma manya uku za su zo su ga aikin da idonsu kafin su yanke. Ingila kuwa sun rubuto masa ya koma. Ya gaya wa ubansa, in wannan bai yiwu ba zai tattara matarsa da 'yarsu Nana, wadda a lokacin take rarrafe, su tafi. Ni a bayan zana na ji. Ranar gishiri sau biyu na sa wa miya.

To ga laifina. Rairayin da ya zuba a bokitin na gulbi ne, tankaɗaɗɗe, babu ko tsakuwa ɗaya. Duk macen da ta taɓa suyar gyaɗa ta san darajar irinsa. Ranar farko kofi ɗaya na ɗiba, na ce zan mayar. (Hajara, daina murmushi, rubuta.) Kafin wata biyu na ga gindin bokiti. Sai ga ni da bokiti sabo fil, murfinsa na kamawa gam, ɓera ba ya shiga, tururuwa ba ta shiga. A wannan zamani wa zai bar irin wannan abu a banza? Na wanke shi, na cika shi da garin ƙuli da nake kai wa masu tsire, na rufe, na bar shi a mazauninsa. Mai wucewa ya ga gidan da ke bin doka.

Da safiyar Larabar Injiniya ya shigo kafin su tafi Shagari taryar baƙi. Ya tsaya a tsakar gida ya gaishe ni, ni kuma ina daka, na juya masa baya kamar yadda na saba. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ido da ido ba, haka aka rene mu.

Ya ce, "Inna, bokiti na nan?"

Na ce wa turmi, "Yana nan."

Ban yi ƙarya ba, yana nan ɗin. Kalma huɗu ce ta rage in ƙara, amma ta yaya zan buɗe baki in gaya wa ɗan fari na soye aikinsa da gyaɗa? Na ce a raina, ai kallo kawai za su yi. Duk abin da na taɓa gani manya sun zo dubawa, kallo suke yi su sha ruwa su tafi.

Bayan ya fita Malam ya fito daga turaka, ya tsaya kusa da bokitin ya daɗe. Ta Mandera yake ce mini, don can aka ɗauko ni.

Ya ce, "Ta Mandera, komi na nan daidai?"

Na ce, "Lahiya lau."

Ya dube ni, ya dubi bokiti. Sai ya ɗauki babban daron ƙarfe da nake wanki a ciki, ya jingina shi da katanga kusa da murhu, ya fita. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Lokacin bazara ne, zana ta bushe ƙamas, ko numfashi mai zafi ka yi mata sai ta kama. Baƙin suka shigo: wani dattijo mai furfura da kowa ke ce wa Farfesa, wani dogo mai tabarau wanda bai yi murmushi ba ko sau ɗaya, da wata mata mai littafi a hannu. Matan unguwa sun cika tsakar gida da goyonsu. Hajara ta yi musu bayani, Nana na zaune a tabarma kusa da ƙafarta. Ni ina raɓe a ƙofar ɗakin girki ina jin daɗi, har ina cewa ashe abin ba wuya.

Sai na ga Injiniya ya ɗora kasko a murhu ya tsiyaya mai a ciki.

Na matsa kusa da Hajara na ce a hankali, "Mi za ya yi da mai?"

Ta ce, "Zai bari ya kama wuta, Inna, ya nuna musu yadda ake kashewa da rairayi."

Na juya wajen Injiniya. Tsakanina da shi taku biyar ne. Na buɗe baki, na ga dogon nan mai tabarau yana kallona, na ga matan unguwa, na ga ƙeyar ɗana. Na rufe bakin. Mai ya fara hayaƙi. Na ce bari in ƙirga uku in yi magana. Na ƙirga uku, na sake ƙirga uku. Ina cikin ƙirga ta uku wuta ta tashi a kaskon.

Injiniya bai ko girgiza ba. Ya ce wa matan, "Kun gani, ba a zuba ruwa. Ga abin da ake yi." Ya cire murfi, idonsa na kan wuta, ya ga abu ja-ja a bokiti kamar yadda ya bar shi, ya juye shi gaba ɗaya.

Wutar ta yi wani irin ƙara ta miƙe ta fi tsawon mutum. Mai ya fantsama. Harshenta ya lashi zanar ɗakin girki, zana ta kama. Gida ya cika da ƙamshi kamar an buɗe tukubar tsire. Mata suka watse suna salati, wata ta suri tulu za ta watsa, Hajara ta riƙe mata hannu da ƙarfi, ta fizge Nana daga tabarma da ɗaya hannun. Wani ɗigon mai ya faɗi daidai inda yarinyar take zaune, tabarma ta huje. Ɗana yana tsaye da bokiti a hannu yana leƙa cikinsa.

Malam ne ya motsa. Ban ga lokacin da ya ɗauki daron ba, na dai ga ya kifa shi a kan kaskon ya danne da hannu biyu. Wutar mai ta mutu a ƙarƙashi. Sannan shi da Injiniya suka kama zanar suka kayar da ita ƙasa, suka bi ta da ƙafa. Duka abin bai kai a yi alwala ba. Da Malam ya ɗaga hannunsa na dama, fatar bayansa ta saɓule.

Farfesa ya duƙa ya dangwali abin da ya rage a bokiti, ya shinshina, ya sa a harshe.

Ya ce, "Wannan ai ƙuli-ƙuli ne. Mai kyau ma."

Mai tabarau ya ce wa Injiniya, "A gidanku ke nan. To sauran gidajen da ka kai mu da safe fa?"

Ɗana ya ajiye bokitin a ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an kwashe masa jini.

Farfesa ya ce, "Wa ya zuba?"

Malam ya ce, "Allah shi gafarta Malam, gidana na, laihina na."

A nan ne bakina ya buɗe, bayan komai ya ƙone. Na fito gaban maza baƙi, gaban ɗan farina, na durƙusa na ce ni ce. Na faɗi suyar gyaɗa, na faɗi ɓera, na faɗi masu tsire. Hawaye da majina suka haɗu, kallabina ya zame, ina ta bayanin yadda murfin ke kamawa gam kamar wani ya tambaye ni.

Matar mai littafi ta juya ga matan unguwa ta ce, "Tsakani da Allah, a cikinku wa ke da rairayi a nata bokitin?"

Ba wadda ta ɗaga kai. Can maƙwabciyata Inno ta ce nata gero ne a ciki. Wata ta ce ita wanka take yi da shi. Wata tsohuwa ta ce ta sa nata a kayan ɗakin jikarta. Matar ta yi ta rubutu. Farfesa ya tambayi Malam wa ya koya masa kifa daro, Malam ya nuna Injiniya da haɓa ya ce, "Shi." Suka tafi ba su ko sha furar da na dama ba.

Sati shida ba mu ji komai ba. A sati shidan nan Hajara na wanke wa Malam hannu safe da yamma, Injiniya ya sayi akwatin tafiya ya ajiye a zaure inda nake ganinsa kullum. Yana gaishe ni kamar da, ni ko turmi na kasa amsa wa. Amma bai zauna ba. Shi da Hajara suka sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, wannan karon suna buɗe murfi, suna tambayar mata abin da ba za su taɓa ba ko ana yunwa. Suka koma zuba rairayi mai tsakuwa a fasasshen tulu, abin da ba mai kwaɗayinsa. Suka rubuta duka suka aika, har da labarina. (Hajara ta rantse ba ta sa sunana ba. Amma duk wanda ya zo gidan nan daga jami'a sai ya gaishe ni yana danne dariya.)

Takarda ta zo, an ɗauke shi. Akwatin nan ni na gaje shi, zannuwana ne a ciki. Yau shi ma Farfesa ake ce masa, Hajara ma haka, kuma na ji ɗalibansu abin da ake fara gaya musu shi ne su buɗe murfi. Ni kuwa abin da na koya, kunyar da ta hana ni faɗin kalma huɗu a gaban turmi ita ta sa na yi jawabi ba kallabi a gaban unguwa.

Hannun Malam bai koma daidai ba. Yatsu biyu suka ƙage, da hagu ya ƙarasa dashen albasarsa. Bai taɓa yi mini gori ba, ko a cikin faɗa. Jan bokitin ya hana a yar, shi da kansa yake cika shi da rairayi duk bazara. Sau nawa na so in ce, Malam, daron nan, me ya sa ka jingina shi a can? In ka sani, me ya hana ka tona ni tun da safe? Sai in ce gobe.

Ranar da zai rasu, bayan la'asar ne, ya kwana biyu bai yi magana ba. Ina hura wuta zan dama masa kunu, an shimfiɗa masa a inuwar rumfa. Sai na ji ya kira ni. Na zo da gudu na durƙusa, na riƙe hannun nan mai tabo, ina zaton wasiyya zai bari. Ya buɗe ido, ya dubi hayaƙin murhu, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Ya ce, "Ta Mandera, duba muna bokitin can. Rairai na ciki, ko ƙuli?"