Rigar da Na Yanka Daga Farin Yadin Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da bazarar da na zama tela ba. Zafin Talata Mafara ne ya ja mini. Duk rigar atamfar da tela ya ɗinka mini sai ya yi mata shafi, in sa ta in ji kamar an ɗaure ni a buhun gero. Sai na kakkaɓe keken ɗinkin da aka sa mini a kayan ɗaki, wanda tun da aka yi auren aikinsa kawai riƙe kwanon goro, na ce daga yau ni zan riƙa ɗinka rigunana marasa nauyi. Malamaina kuwa bidiyon waya ne da ƙarfin hali.

A lokacin surukata, wadda muke kira Inna, tana zaune a wurinmu. Daga Gidan Goga ta taso bayan 'yan bindiga sun kore shanun gidan, ta iso da jakar Gana-mas-go guda ɗaya tak. Mace ce mai kawaici, ko sunan maigidana ba ta faɗa saboda ɗan fari ne. Da ta ga ina ɓata atamfata mai kyau wajen koyo, ta ce akwai tsofaffin zannuwa a jakarta, in riƙa gwada hannu da su. Bayan nan ta tafi Maradun wajen 'yarta da ta kusa haihuwa.

Na buɗe jaka na ga zannuwan da ta ce, duk sun koɗe. Ni kuwa hannuna ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya (wannan halin tun ina yarinya ake dukana a kansa, bai fita ba). Na ci gaba da tono har ƙasa, na ci karo da wani ƙunshi a naɗe cikin tawul. Farin yadi ne sol, auduga zalla, mai laushi, yana ƙamshin turare. Na kara shi a kumatu na ji sanyi. Na ce a raina, Allah sarki, tsufa, Inna ta manta tana da wannan. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa macen da ta bar tukwanenta da katifarta ta gudo da yadi ba.

Na shimfiɗa shi a tabarma, na zana da alli, na sa almakashi. Riguna uku na fitar. Ta farko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta biyu kaina ya ƙi shiga wuyan, amma ta ukun ta zauna ɗas. Na bi wuyanta da jan leshi. A gefen yadin akwai wasu ɗige-ɗige na lalle da aka jera kamar ƙafar kaza, suka burge ni, na daidaita su suka faɗo a bakin hannun riga. Har cewa na yi wannan adon kamfani ne.

Ranar sunan jaririn na sa rigar, na shiga mota zuwa Maradun ina jin kaina. Gida ya cika da mata, kowa na fifita da bakin mayafi, gumi na bin wuya. Bayan an gama gaishe-gaishe na sauke hijabina a kafaɗa, wai zafi, alhali so nake a gani. Aka kuwa gani. Mata suka yi ta taɓawa suna tambayar wane tela ne, ina cewa ai ni ce, kuma ban daɗe da farawa ba. Har na fara yi wa wata bayanin yadda ake kalmasa.

Sai aka ce in je in gaida Gwaggo Ai ta Bakura, aminiyar Inna, wadda suka je aikin Hajji tare tun shanu na nan. Ita da Inna suna zaune a tabarma ɗaya. Na durƙusa na gaishe su, ta amsa da tsawo kamar yadda ta saba, gida da gajiya da zafi da maigida. Tana cikin amsawa idonta ya tsaya a hannun rigata. Ta kamo shi ta juya.

"Ɗiyata, wanga yadi ina kin ka samo shi?"

Na ce cikin jakar Inna, ina murmushi, ina jiran yabo.

Ta dubi Inna, ta sake duban ɗigon lallen. "Ni na ɗiga wanga lalle da hannuna a Makka, don kada nata ya haɗe da nawa wurin shanya. Likkahwaninta na. Da zamzam mun ka wanke shi."

Wadda nake koya wa kalmasa, da ta biyo ni tana shafa rigar, ta janye hannunta a hankali ta goge a zane. Ni kuwa ina durƙushe cikin likkafanin uwar mijina, da jan leshi a wuya, na rasa ko in cire ko in bari. Na ja hijabi na rufe har goshi. Kunya ta hana ni ko kuka. Inna ta dai sunkuyar da kai tana murza carbi, kuma wannan ya fi mini zafi fiye da a ce ta mare ni. Kowa a wurin ya san ba ta da saniyar da za ta sake kai ta Makka.

Maigida da ya ji, ya ce zai ba wani mai tafiya Umara saƙo a kawo wani. Inna ta ce a bari, wancan ita ta tsoma shi a ruwan zamzam da hannunta. Da ta dawo Mafara na yi ta ɓuya a ɗaki, abinci ma sai in ajiye mata a bakin ƙofa in gudu.

Wata safiya ta kira ni, ta ce in kawo rigunan da duk ƙyallen da ya rage. Na kawo, na fara ba da haƙuri. Ta ɗaga wadda wuyanta ya matse ta ajiye, ta ɗaga mai dogon hannu ta girgiza kai, sannan ta ɗauki ta ukun ta daɗe tana shafawa.

"Ai likkahwanin mace da riga a ciki," in ji ta. "Kin rage ma masu wanka aiki. Amma ki kwance min wanga jan abu. Ba ni amsa tambayar kabari da kwalliyar 'yan mata."

A gabanta na zauna da reza ina warware leshin, hawaye na ɗiga a kan yadin, ita kuma tana gaya mini in yi a hankali kada in huda mata. Ta naɗe rigar da sauran ƙyallen cikin tawul ɗin nan ta mayar ƙasan jaka, inda suke har yau.

Ban daina ɗinki ba, hannuwan rigunana ma yanzu tsawonsu ɗaya. Sai dai duk yadin da ban saya da kaina ba, kafin almakashi ya taɓa shi sai na tambayi mai shi ina aka nufa da shi.